Maganar da Ban Kai Saman Dutse Ba

A Nakkasa aka haife ni, wata unguwar Hausawa a Makka, a tsakiyar dutse, inda mota ba ta zuwa. Daga bakin titi zuwa ƙofar gidanmu matakala ce ta siminti wadda mutanen unguwa suka zuba da hannunsu, wani hawan dogo wani gajere, domin kowane maigida ya zuba na gaban gidansa ne daidai tsawon ƙafarsa. Baƙo sai ya yi tuntuɓe sau uku kafin ya kai masallacinmu. Mu kuwa da gudu muke sauka, ko takalmi babu. Yanzu an share yawancin wurin, jama'armu sun watsu, wasu suna Ka'akiyya, wasu sun yi nesa fiye da haka. In na bi ta gefen da yarana a mota, sai in nuna musu fili in ce nan ne gidanmu. Sukan kalla saboda ladabi, su koma kan wayoyinsu.

Ina kewar wurin, ba zan ɓoye ba, duk da ba aljanna ba ce. Ruwa yakan yanke, zafi yakan dafa mutum a cikin ɗaki, kuma asirin kowa a buɗe yake, don rufin wani shi ne tsakar gidan wani. Amma da rana in ka hau, ƙamshin miyar kuka ne zai raka ka daga gida zuwa gida, kuma ba ka wuce ƙofa uku ba a tambaye ka lafiyar mahaifiyarka ba.

Unguwa irin wannan ba ta zaunuwa sai da samari. Tukunyar gas, buhun shinkafa, gadon amarya, marar lafiya a kan kujera, har gawa, duk a kafaɗarmu suke hawa suke sauka. Shi ya sa tun kafin a haife ni ake da shugaban samari. Dattawa ne ke zaɓarsa a kan tabarma a ƙofar masallaci, yana riƙewa har ranar da ya yi aure, sannan a ba wani. Ba a ba shi sanda, ba a naɗa masa rawani. Ladansa dai shi ne in abu ya lalace shi za a fara nema.

Babban aikinsa kuma ba ɗaukar kaya ba ne, kai magana ne. In an haihu, ko an sa ranar aure, ko an yi rasuwa, shi da kansa zai bi gida-gida tun daga gindin dutse har ƙoli. Zai yi sallama, ya durƙusa, ya gaisa, sannan ya ce, “An aiko ni.” Daga nan ya faɗi abin da ya kawo shi. In rasuwa ce, ba zai tashi ba sai masu gida sun yi salati sun yi tambayoyinsu: yaushe ne, an daɗe ana jinya, a ina za a yi salla. Ga shi a Makka gawa ba ta jira. Wanda ya cika da hantsi, bayan la'asar an sallace shi a Harami an kai shi makwancinsa. Don haka mai kai magana sai ya haɗa ladabi da sauri.

Ina da shekara ashirin da uku aka ɗora mini. Wanda ke kai ya yi aure, Malam limaminmu ya duba sahun samari ya nuna ni. Dalilinsa, na gama sakandare, ina aiki a wani shagon waya a Jarwal, kuma in takardar hukuma ta zo ni ke karanta wa mutane. Hausata ce dai ba ta da daɗin ji. Larabci ya riga ta zama a bakina, kamar yawancin sa'o'ina, har in na so in ce wa tsoho sannu da hutawa sai in yi ta lalube. Amma kaina ya kumbura. Cikin wata biyu na sa an ja wuta an kafa fitilu a kan matakala, na raba samari kashi-kashi kowa da ranarsa ta ɗaukar gas, sannan na buɗe guruf a waya na zuba duk wanda ke da lamba a unguwar. Mutane suka yi ta yabo, ni kuma ina karɓa ba ko kunya. Ran nan Malam ya ga ina nuna wa wani yadda saƙo ɗaya ke shiga gida sittin a lokaci guda, sai ya ce mini abu ne mai kyau, amma in riƙa tunawa zumunta a ƙafa take. Na ce to, Malam. A raina kuwa na ce zamaninsa ne ya wuce.

Akwai tsofaffi biyu a unguwar da kowa ke kira Iya. Don a bambanta su ake cewa Iya ta Ƙasa, mai ɗaki kusa da titi, da Iya ta Sama, wadda ɗakinta ne na ƙarshe a ƙoli, bayan shi sai duwatsu da awakin wani maƙwabci. Ba 'yan'uwa ba ne. Daga ƙauye ɗaya suka fito a ƙasar Kano suna 'yan mata sabbin aure, suka biyo hanyar Sudan tare da mazajensu, suka yi shekaru a hanya kafin su ga Ka'aba. Mazan suka rasu a nan, su kuma ba su koma ba. Iya ta Ƙasa ta samu 'ya mace, wadda ta yi aure a Ka'akiyya. Iya ta Sama ba wanda ya rayu mata. Ba ta da takarda, ba ta da waya, tana da murhu da buta da baki. Kullum faɗa suke da juna, a kan gishirin miya ko a kan wa ta girmi wa. Kuma duk unguwar an san alkawarin da ke tsakaninsu, don a gaban jama'a suke maimaita shi cikin tsiya: duk wadda ta riga mutuwa, ɗayar ce za ta yi mata wanka, ba wata baƙuwar hannu.

Iya ta Sama ta ɗauke ni jika tun ina rarrafe. Maigidana take ce mini, tana ƙorafin ban kawo cefane ba, tana kwaikwayon gurguwar Hausata har sai na ji kamar in nutse. Ranar da aka ba ni shugabanci ta ce unguwa ta shiga uku, an ba Balaraben ƙarya riƙon Hausawa. Sannan ta damƙa mini ƙullin dabino.

Abin ya faru cikin azumi, a goman ƙarshe. A lokacin dutsen yakan zama wayam da rana, domin duk mai ƙarfi yana wajen Harami neman abinci, masu tura keken tsofaffi, masu aikin otal, mata masu talla. Iya ta Ƙasa ba ta ji daɗi ba, kwana uku ke nan 'yarta ta ɗauke ta zuwa Ka'akiyya. Ina shago da hantsi sai mijin 'yar ya kira ni ya ce Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa, yana kan takardu, za a kai ta wurin wanka bayan azahar, salla kuma a Harami bayan la'asar. Ya ce in gaya wa mutanen dutse.

Lokaci yana nan isasshe, wannan shi ne abin da har yau ba ni da amsarsa. Da na rufe shago na hau mota, da kafin azahar na kai ƙoli. Amma rana ta buɗe, ina azumi, maƙogwarona ya bushe, ga kuma matakalar nan tana jirana. Na ɗauki waya na rubuta sanarwa da Larabci mai kyau, har da addu'a, na tura a guruf. Nan da nan amsoshi suka fara shigowa. Na kira mai bas ya tsaya a gindin dutse ya kwashi maza, na sa samari huɗu su tari makara a ƙofar Harami, na tuna har da tabarmin zaman makoki. Komai ya tafi daidai. Muka yi salla, muka raka ta, muka dawo, ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa. Iya ta Sama ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

Daga baya na ji cewa 'yar ta tsaya a wurin wanka tana leƙen ƙofa, har ma'aikatan suka ce akwai wasu gawarwakin suna jira. Ta ɗauka azumi ne ya kayar da tsohuwa ta kasa saukowa. Matan unguwa da suka je kai tsaye daga wurin aiki sun ɗauka samari sun hau sun gaya mata, tunda aikinsu ne. Kowa ya ɗauka wani ya yi.

Gab da magariba muna zaune a ƙofar ɗakin marigayiyar, an shimfiɗa tabarmi ana jera ruwa da dabino, sai ga Iya ta Sama tana saukowa a hankali, hannu ɗaya a bango, ɗayan riƙe da kwanon kunun tsamiya. Ta ce a ranta ƙila an dawo da ƙawarta, bari ta kai mata abin buɗa baki. Tana isowa mata suka tashi suka tare ta suna cewa ya haƙuri, Iya, ya haƙuri. Ta tsaya ta dubi tabarmi, ta dubi mutane, ta dubi ƙofar ɗakin. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta sunkuya ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, ta juya ta fara hawa. Na tashi zan kama ta, ta janye hannunta ba tare da ta kalle ni ba. 

Washegari da safe na hau. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, na kawo zafin rana, na kawo shago, na kawo waya. Da ta zage ni da na ji sauƙi, don na san zaginta, na tashi a cikinsa. Sai ta ɗago ta amsa mini da Larabci, irin nata na kasuwa wanda take yi wa ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, in sun zo duba unguwa.

“Ma fi mushkila, ya ustaz. Shukran.”

Wato ba komai, malam, na gode. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Tunda nake ban taɓa jin ta yi mini Larabci ba, ko da wasa. Na gane ta cire ni daga cikin nata ta mai da ni baƙo, kuma ban san ta inda ake komawa ba.

Haka muka yi ƙaramar salla, haka muka shiga Shawwal. Na karɓe ranar gas ɗinta daga hannun wanda ke kai, na riƙa hawa da ruwa, da kankana, da maganin ciwon gwiwa. Komai na kai sai ta karɓa da hannu biyu ta ce shukran ya ustaz. Samari suka samu abin tsokana, duk inda na gifta sai a ce ga ustaz nan. Na yi fushi da su, na yi fushi da ita ma, ban ƙi faɗa ba. Har na taɓa cewa a gaban abokaina, shin mutum zai kashe kansa ne a kan kuskure ɗaya, ai na ba da haƙuri ya fi a ƙirga. Amma abin da ya fi damuna ba ni ba ne. Maƙwabtanta sun ce tun ranar ba wanda ya ga hawayenta. Ba ta je zaman makoki ba, ba ta karɓi gaisuwar kowa ba, ba ta ƙara ambaton ƙawarta ba. Ta daina faɗa da mutane, kuma duk wanda ya san Iya ya san wannan ba lafiya ba ce. Tana ramewa muna kallo.

Na je wurin Malam na ce a ba wani shugabancin, ni ban cancanta ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce wanda ya zubar da miya shi ke wanke tabarma, ba a sallamarsa ya tafi yawo. Ya ce in ajiye in na yi aure kamar kowa. Na fito ina ƙunƙuni.

Mahaifiyata ce ta warware mini, kuma ba da niyyar koyarwa ba. Tana tuƙa tuwo ina zaune ina yi mata ƙorafi, ina lissafa sau nawa na hau, sau nawa na durƙusa. Ba ta ko juyo ba ta tambaye ni, duk hawan nan da nake yi, me nake ce mata. Na ce haƙuri nake ba ta mana.

“Haƙurin me?” in ji ta. “Kai ta kanka kake yi, so kake a yafe maka. Ita fa har yau ba wanda ya gaya mata ƙawarta ta rasu. Tabarma ta gani.”

Na ce ai ta sani, duk duniya ta sani, an kusa kwana arba'in.

“Sani daban, a gaya maka daban. Kowane gida a dutsen nan ana kai masa maganarsa. Tata tana hannunka.”

 Gaskiya na ga abin kamar wauta, a je a sanar da mutum mutuwar da ya riga ya sani. Na kwana biyu ina juya shi. Abin da ya tsorata ni shi ne Hausar, domin ban taɓa faɗin irin wannan magana da bakina ba, wanda na gada ne ke yi ina biye da shi. Sai da na sa mahaifiyata ta faɗa mini kalmomin ina maimaitawa, tana gyara mini, kamar ɗan makarantar allo da gemunsa.

Ranar Juma'a da hantsi na sa farar riga na fara daga gindin dutse, daga ƙofar ɗakin marigayiyar, duk da gidanmu a tsakiya yake. Ban ɗauki komai a hannu ba. Na bar wayar a gida. Mata suna leƙowa suna tambaya ko lafiya, ina cewa lafiya lau. Da na kai ƙoli numfashina ya ɗauke, na tsaya na huta a jikin bango kafin in yi sallama.

Tana ciki. Ta amsa, ta fito ta zauna a kan 'yar kujerarta, tana duban hannuna ta ga abin da na kawo yau. Na cire takalmi na durƙusa. Na gaishe ta da Hausa, ina kwana, ina gajiya, ya ƙarfin jiki. Ta buɗe baki za ta yi mini Larabcinta, ban bari ta fara ba.

“Iya, an aiko ni.”

Ta rufe bakinta. Na ga ta gyara zama, ta jawo mayafinta ta rufe kanta sosai.

“Allah ya yi wa Iya ta Ƙasa rasuwa. Sai haƙuri.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, sau uku. A na ukun muryarta ta karye. Ban taɓa ganin tsoho yana kuka irin wannan ba, ba ihu, jikinta kawai ke girgiza, hawaye na bin tamojin fuskarta suna sauka a kan zanenta. Ni ma na yi, ban ji kunya ba. Ban tashi ba, domin mai kai magana ba ya tashi sai an gama tambayarsa.

Da ta samu numfashi ta fara, da Hausa, ɗaya bayan ɗaya kamar jiya abin ya faru. Yaushe ne. Na ce da hantsi, ranar ashirin da uku ga azumi. Ta sha wahala? Na ce 'yarta ta ce ba ta sha ba, ta yi asuba a zaune, ta koma ta kwanta. Ta samu kalmar shahada? Na ce ta samu. An yi mata salla a Harami? Na ce an yi, bayan la'asar, mutane ba iyaka saboda azumi. Ta gyaɗa kai ta ce ja'ira, ta riga ni, dama komai sai ta nuna ta fi ni sauri.

Sai ta tambayi wa ya yi mata wanka. Na ce ma'aikatan wurin ne, 'yarta tana tsaye. Ta tambaya ko sun tsefe mata kai sun raba shi uku. Na ce ban sani ba, Iya. Wannan ne kaɗai ban iya amsawa ba, kuma ba ta ce ba komai ba. Ta bar ni da shi.

Can ta dafa gwiwa ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji tana jan akwati. Ta fito da wani tsohon gwangwanin madara wanda aka ɗaure bakinsa da tsumma, ta kwance ta nuna mini. Garin magarya ne a ƙulle, da kafur, da sabulu wanda ko takardarsa ba a ɓare ba, da ɗan farin ƙyalle na naɗe hannu. Ta ce duk shekara bayan aikin hajji takan zubar da tsohon garin ta sa sabo.

“Wannan nata ne,” ta ce. “Ka kai wurin wankan, a yi wa wata baiwar Allah da ba ta da kowa.”

Na karɓa da hannu biyu. Na yunƙura zan tashi, ta ce in dakata, ba ta gama ba.

“Nawa yana ɗakinta, a ƙarƙashin gado. Ka ce wa 'yarta kada ta zubar in za ta kwashe kaya. Ka karɓo, ka kai wa uwarka, ka ce in ji ni ta ajiye, ita za ta yi mini wankan. In ranar ta zo, kai za ka je ka gaya mata, da ƙafarka.”

Na ce to, Iya. Na sa takalmina, na rungume gwangwanin, na fara sauka.